Jinjina ga Littafin da Ke Yaye Injiniya Cikin Wata Guda

Duniya ba ta iya godiya ba. Da ta iya, da tuni an sa wa wani babban titi sunan littafin shirin jarrabawar kula da uwar garke, an shirya masa walima, an naɗa masa rawani. A da, kafin a ba mutum amanar kwamfutar da ke riƙe da asusun banki, ko bayanan marasa lafiya, ko albashin ma'aikata dubu, sai ya yi shekaru yana bin wani tsohon hannu, yana jan wayoyi a ƙarƙashin tebur, yana shan faɗa, yana kwana a ɗaki mai sanyi yana jiran faifai ya gama kwafa. Wahala ce tsagwaronta. Sai Allah ya kawo mana wannan littafi mai kauri, mai bango mai sheƙi, ya ce duk wannan ɓata lokaci ne: ka ba ni makonni huɗu da alƙalamin shafa launi, in ba ka satifiket.

Ɗauki ɗaya ka juya shi a hannu. Nauyinsa kaɗai ya isa ya sa mai gida ya ji kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Buɗe ko'ina, ilimi ne ke zuba. Faɗin dirowar ƙarfe da ake jera uwar garke a ciki inci 19 ne. Tsawon gurbi ɗaya inci 1.75. Ƙofar SSH lamba 22, ta DNS 53, ta HTTPS 443, ta shiga Windows daga nesa 3389. Tsarin RAID 5 ba ya tsayuwa sai da faifai uku, RAID 6 sai da huɗu. Matakan sadarwa bakwai ne, kuma an tanadar maka jimlar da za ka rera don kada jerinsu ya kuɓuce maka. Masu hassada za su ce duk wannan abu ne da yaro zai dubo a waya kafin shayi ya huce. Ƙyale su. Ba su san darajar hadda ba. Ranar da uwar garke ta faɗi, ai tsayawa za ka yi a kanta ka karanto mata lambobin nan bi da bi, ita kuwa don kunya sai ta tashi.

Akwai wani shafi da nake so ƙwarai, wanda ke bayanin tara biyar. Wato na'ura ta kasance tana aiki kashi 99.999 cikin 100 na lokaci, abin da ke nufin duk shekara ba za ta tsaya ba sai na minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi. Ɗalibi a Kano ko Zariya yakan haddace wannan da tocilar waya, don an ɗauke wuta tun la'asar. Littafin bai taɓa jin labarin dizal ba, bai san ana kashe janareto a ba shi hutu ba, kuma wannan tsarkin zuciya nasa abin koyi ne.

Amma babbar baiwar da ya yi wa ɗan Adam ita ce amsa huɗu. Jarrabawar Server+ ta ƙungiyar CompTIA da ke Amurka tambayoyi ne da ba su wuce 90 ba, cikin minti 90, kuma ana neman maki 750 a ma'aunin da ya tsaya a 900. Ta LPIC-1 kashi biyu ce, kowane kashi tambaya 60. Littafin ya lura da wannan da kyau, sai ya sake gina duniya daidai da ita. A duniyarsa kowace masifa tana zuwa a rubuce, cikin layi uku, da tsaftataccen Turanci, sannan ta jero maka mafita huɗu, ta kuma yi alkawarin cewa ɗaya daga ciki daidai ce. Wace rahama ta fi wannan? Har dabarun canki-canka yake koyarwa: biyu daga cikin huɗun shirme ne, jefar da su, ka yi hattara da amsar da ta ce “kullum” ko “har abada”, idan ka ci karo da 'yan tambayoyin nan na kwaikwayon aiki, sa musu alama ka wuce, ka dawo in lokaci ya rage. A ƙarshen kowane babi akwai aikin gwaji da hannu, gaskiya ne, ba za a yi masa ƙazafi ba. Sai dai kuma ya zuba ƙananan akwatuna a gefen shafi masu nuna abin da ke fitowa a jarrabawa, don mai hankali ya gane inda zai tsallake ba tare da an faɗa masa ba. Hannunka mai sanda kenan.

To ga ɗan gatan littafin an ɗauke shi aiki, ga shi a ɗakin uwar garke ƙarfe ɗayan dare, gobe ranar biyan albashi. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu tun makon jiya, an rubuta takarda, takarda tana teburin wani da ya tafi biki. Ƙurar hunturu ta yi wa fankokin cikin injin rawani, suna kuka kamar za su tashi sama. Wata 'yar fitila da ya kamata ta zama kore ta koma ruwan lemo tana ƙiftawa. A bayan dirowar wayoyi ne shuɗɗa iri ɗaya, sun sarƙe, babu wadda aka liƙa wa suna. Kalmar sirrin shiga tana kan wanda ya bar aiki bara da fushi, lambarsa kuma ba ta shiga. Waya ta yi ƙara.

“Injiniya, yaya ake ciki?”

“Ranka ya daɗe, muna kai.”

“Da safe dai a ga albashi.”

“In sha Allahu, yallaɓai.”

Ya dubi fuskar kwamfuta, baƙa ƙirin, da wani ɗan layi fari yana ƙifta masa ido. Ya jira ta kawo A da B da C da D. Ba ta kawo ba. Yanzu fisabilillahi laifin wa? Yaron ya ci 800 da ɗoriya. Littafin ya cika alkawarinsa har da gyara. Rashin tarbiyya na injin ne, wanda aka ƙera shi aka turo shi ƙasar mutane ba tare da ya karanta ko babi ɗaya ba.

Kuma littafin mai tausayi ne, ba ya son tayar wa ɗalibi hankali da labarai marasa daɗi. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya ba da umarnin goge bayanai yana zaton yana kan na'urar kwafi, ashe yana kan ta asali. Kafin ya ankara ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na ajiyar ko-ta-kwana, aka duba aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, bayanan awa shidan kuwa suka bi ruwa. Wata guda bayan haka, ranar 28 ga Fabrairu, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni ɗaya, ya sauke na'urori fiye da waɗanda ya nufa, ma'ajiyar S3 ta yankin gabashin Amurka ta durƙushe na kusan awa huɗu, ta ja shafukan intanet masu tarin yawa suka faɗi tare da ita. Waɗannan ƙwararru ne da suka san lambar kowace ƙofa. Abin da ya kayar da su gajiya ce, da tagogin kwamfuta biyu masu kama da juna, da ajiyar da kowa ya ɗauka wani ya gwada. Littafin ya san da batun, ya ba shi layi ɗaya: a riƙa gwada ajiya lokaci-lokaci. Amsar ita ce C. Wuce tambaya ta gaba.

Wani abin burgewa shi ne yadda ya iya mutuwa a kan kari. Littafin nahawu yakan yi shekara hamsin ana gadonsa, abin kunya, ba ya kawo wa kowa ciniki. Namu kuwa da zarar an sauya lambar jarrabawa, kamar yadda Server+ ta koma SK0-005 a 2021, sai ya kwanta dama cikin mutunci, ƙaninsa ya fito da sabon bango da sabon farashi, an matsar da babi na shida ya koma na takwas. Takardar kamfanin Red Hat shekara uku take yi, ta LPIC-1 biyar. Microsoft ma ya fi kowa yanke shawara: ranar 31 ga Janairun 2021 ya rufe jarrabawar MCSE da MCSA da MCSD gaba ɗaya, bayan an shafe shekaru fiye da ashirin ana yi wa haruffan nan bauta tun zamanin Windows NT. Tulin littattafan da aka rubuta dominsu ba su yi asara ba, masu ƙosai da masu tsire sun shaida ingancin takardar. Ita kuwa Server+ ba ta tsufa sam, wanda ya ci ta ya ci har ƙarshen ransa. Ko da rabonsa da taɓa uwar garke tun kafin a haifi ɗansa na fari, gwani ne a rubuce, kuma abin da aka rubuta ai ya fi abin da aka gani.

Ba za a yi yabon gida a manta da ƙanin mai gida ba, wato tarin tambayoyin jarrabawa na ainihi da ake satowa a sayar da amsoshinsu. Littafin yakan yi tir da shi a gabatarwa, ya ce bai san shi ba. Hukuma ma ta sa baki: a 2002 wani mutum a jihar Washington ya amsa laifin satar sirrin kasuwanci a kotun tarayya saboda sayar da tambayoyin jarrabawar Microsoft, aka ɗaure shi, kuma a 2006 Microsoft ya maka masu TestKing a kotu kan irin wannan sana'a. Duk da haka ni ban ga dalilin wannan gudun dangi ba. Uwarsu ɗaya. Wan ya ce maƙasudin karatu shi ne cin jarrabawa, ƙanin ya ce to tunda haka ne me ya kawo shafi ɗari bakwai? Ƙanin ma ya fi sauƙin kai, don wani lokaci amsar da ya bayar kuskure ce, ɗalibi ya haddace ta a haka, ya kuma tsallake, saboda ba a neman maki duka. Tun ƙarshen shekarun 1990 Turawa suka laƙaba wa 'ya'yan wannan gida suna, suna ce musu injiniyoyin takarda. Baƙin ciki ne kawai irin na tsofaffin da suka sha wuya suna son kowa ya sha.

Idan ana neman mugu a wannan fage, Red Hat ne. Jarrabawarsa ta RHCE, wadda ta fito a 1999, ta daɗe da yin watsi da canki-canka, RHCSA da ta biyo baya ma ba ta da shi. Sai a zaunar da bawan Allah gaban na'ura ta gaske, a ce ya ƙirƙiri masu amfani, ya raba faifai, ya gyara abin da aka ɓata da gangan, a nemi 210 cikin 300. Rashin imanin bai tsaya nan ba: sai an kashe na'urar an kunna, abin da bai dawo da kansa ba, ba a lissafa shi. Wannan ai tozarta mai ilimi ne. Alhamdu lillahi littafin bai karaya ba, ya fitar da nasa bugun, ɗalibai suna haddace umarni layi-layi da fatan za a ɓata na'urar daidai inda aka ɓata ta a shafi na 312.

Masu ɗaukar aiki su ne suka fi kowa cin moriya, kuma ya kamata su yi wa littafin addu'a ta musamman. Jami'in da ba ya bambance uwar garke da firji yanzu yana iya tantace takardu ɗari kafin azahar, ya duba haruffa a gaban suna, ya ware. Mutumin da ya shekara goma yana riƙe da na'urorin wani asibiti da igiya da addu'a, bai taɓa rasa fayil ɗaya ba, amma bai da haruffa, sai ya koma gefe ya ba masu ilimi wuri. Kuɗin jarrabawar kuwa da dala ake biya, ɗaruruwa, kuma tun da aka saki naira ta yi iyo a 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi: adashin uwa ne, ko ragon layya na uba. Wasu marasa kishi suna ba matasa shawarar wai su sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu, su ɗora mata Debian ko Rocky Linux da ake samu kyauta, su buɗe na'urorin kwaikwayo biyu ko uku da VirtualBox, su lalata su da gangan, su goge abin da bai kamata ba, su kwana suna neman hanyar dawo da shi. Ina gargaɗin iyaye da su sa ido. Yaron da ya bi wannan hanya zai saba da kuskure, zai fara karanta saƙon da na'ura ke fitarwa maimakon ya tsorata da shi, kuma babu wanda zai ba shi takarda mai hatimin zinare da za a rataye a falo baƙi su gani.

Saura gyara ɗaya, kuma ba daga wajen littafin ba. Kamfanonin da ke ƙera uwar garke sun daɗe suna yin gaban kansu ba tare da tuntuɓar mawallafa ba. Lokaci ya yi da za a zauna da su a cimma matsaya: duk injin da za a shigo da shi daga yanzu a sa masa maɓallai huɗu a goshi, idan ya lalace ya bayyana damuwarsa cikin layi uku, ya ba injiniya minti ɗaya ya zaɓa, kuma idan an dace da kashi uku cikin huɗu na amsoshin, ya haƙura ya biya albashi.