Ladubban Kunna Kyandir a Daren Hunturu

Ya kai mai karatu, ka sani cewa idan hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, jaura ta taso daga arewa, sa'an nan masu wuta suka ɗauke wutarsu ba sallama, babu abin da ya rage wa magidanci face ya nemi kyandir da ashana. Kuma tun da yake kowane aiki yana da sharuɗɗansa da ladubbansa, ya wajaba mu jera su daki-daki, domin kada bawan Allah ya fita neman haske ya komo da gobara.

Sharaɗi na farko shi ne sanin wanda kake hulɗa da shi. Kyandir ɗin kasuwa kaki ne da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, lagwaninsa kuwa shi ke tsotso narkakken kakin zuwa sama, zafi ya mai da shi tururi, tururin nan ne yake ci da wuta. Wani shehin malamin kimiyya na Ingila, Michael Faraday, ya ba matasa karatu har zama shida a birnin Landan a kan kyandir kaɗai, aka buga karatun littafi a 1861. Saboda haka duk wanda ya raina wannan ɗan farin sanda, ya raina abin da malamai suka shimfiɗa wa buzu.

Sharaɗi na biyu shi ne mazauni. Mustahabbi ne ka kafa shi a tasar ƙarfe ko a gwangwani mai yashi, ka rage lagwani ya zama kamar rabin santimita don kada ya yi hayaƙi, ka jingina madubi a bayansa ya maido maka hasken da bango zai shanye. Amma liƙa shi a kan talabijin, ko gindin bokitin roba, ko bakin katifa, wannan ya wuce makaruhi. Kuma tsakaninsa da labule da gidan sauro a bar aƙalla kamu guda, gama ba a taɓa jin sun yi maƙwabtaka an rabu lafiya ba.

Sai babbar mas'ala, wato ta ɗumi, inda mutane suka yi saɓani. Wasu sun tafi a kan cewa idan aka kife tukunyar ƙasa bisa kyandir huɗu, ɗaki zai ɗume har a yar da bargo. Magana ingantacciya ita ce, kyandir guda yana ba da zafi kimanin wat 80, ƙaramar na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki kuwa wat 1,000, watau sai ka jera kyandir 13 kafin ka kamo ta. Tukunya kuma ba ta haihuwar zafi, ajiyarsa kawai take yi, kuma idan ta tara shi ƙwarai kakin yakan kama da wuta gaba ɗaya. In haka ta auku, kada ka watsa ruwa, domin fallatsa wutar zai yi. Rufe ta da murfin tukunya ko ka zuba yashi. Mutum guda yana zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100, don haka fatawarmu ita ce, wanda ke son ɗumi ya kira maƙwabcinsa hira, domin ya fi kyandir zafi, ba ya ƙona labule, illa dai yana shan shayi. A haɗa da bargo da hula da safa da kunun tsamiya mai zafi. Wanda kuwa ya shigar da kaskon gawayi ya toshe ƙofa da taga, ya sani garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barcinsa. A bar wa iska hanya ko da sanyi ya yi tsanani.

Cikamakin ladubban duka shi ne kashewa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kashe fitilu lokacin barci, saboda ɓera yakan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Ɓerayen zamaninmu kuwa ba su tuba ba. Wannan aiki kada a mai da shi farillar kifaya, kowa ya kwanta yana zaton wani zai tashi. A ɗora shi a wuyan mutum guda, a ambaci sunansa tun da magariba, shi ne kuma zai ɓoye ashana inda hannun yara ba ya kaiwa. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin gobara, amin.