Shugaban Hukumar Tace Katun

Babu wanda ya zaɓe ni, babu wanda ya rantsar da ni. Ni na naɗa kaina shugaban hukumar tace finafinai ta gidana, kuma ni ne sakatare, ni ne ɗan sandan hukumar. Dalili kuwa, yaran gidan sun daina amsa kira. Ka yi ta ƙwala wa yaro kira har muryarka ta dushe, sai ka same shi a lungu ya dunƙule da waya, wasu mutane masu dara-daran idanu da gashi kala-kala suna ta ihu da Japananci a cikinta. Wai anime. Ni da na tashi a zamanin bin layi a silimar Marhaba da Plaza don ganin Dharmendra, wanda muke kira Sarkin Ƙarfi, ban ga abin da zanen katun zai gaya mini ba.

Sai na kafa doka: duk abin da za a kalla a gidan nan, sai ya bi ta hannuna. Uwargida ta ce, "Malam, kai da ko labaran ƙarfe tara ba ka kaiwa ƙarshe?" Na ce mata aikin tarbiyya ba a yin sa da gyangyaɗi.

Na farko da aka gabatar wa hukuma shi ne Demon Slayer, wanda kamfanin Ufotable ya fara fitarwa a 2019. Auta ne ya kawo shi a filash daga wajen masu tura finafinai na bakin kasuwa. Na gyara tabarau, na ɗauki biro da takarda, ina jiran abin da zan haramta. Abin da ya fara karya mini lago shi ne sana'ar jarumin. Tanjiro ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan attajiri ba ne, gawayi yake sayarwa. Uba ya rasu, shi ne babba cikin 'ya'ya shida, yana saɓo kwandon gawayi daga kan dutse zuwa gari a cikin dusar ƙanƙara. Dare ya yi masa ya kwana a hanya, da safe ya dawo ya tarar an kashe uwar da ƙanne huɗu. Ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta rage, ita ma ta rikiɗe ta zama dodo. Ya sa ta cikin akwatin katako ya goya, don rana na ƙona irinsu, ga guntun gora a bakinta kada ta ciji mutane, ya shiga duniya neman abin da zai dawo da ita mutum. Duk wanda ya taɓa yawo da majinyaci daga wannan mai magani zuwa wancan ya san wannan labari tun kafin a zana shi.

Ba wai ba shi da aibu ba. Mutanen nan ba su san gaggawa ba ko kaɗan. Takobi na sama ana shirin sare wuya, sai jarumi ya tsaya ya tuna yarintarsa da abin da ubansa ya taɓa gaya masa, takobin na nan na jira. Kowane dodo kuwa, bayan an fille masa kai, sai an ba shi fili ya ba da tarihin maraicinsa kafin ya narke. A fim ɗin Indiya in an kashe bos an kashe shi, sai waƙa. Ga kuma wani mai rawayar suma, Zenitsu, wanda ba ya iya faɗa sai ya suma. In yana farke kuwa, kuka da kururuwa har sai na rage murya. Duk na rubuta waɗannan a takardata. Abin da ban rubuta ba shi ne, kashi 26 na zangon farko sun ƙare ban haramta ko ɗaya ba, kuma da kaina na aiki Auta ya karɓo cigaban, har da ba shi kuɗin adaidaita.

Cigaban shi ne Mugen Train, fim ɗin da ya fito a 2020, shekarar korona, ya tara kusan dala miliyan 500, ya fi kowane fim ciniki a duniya a shekarar, ya kuma ture Spirited Away daga kujerar da yake kai a Japan tun 2001. A cikinsa akwai wani gwarzo, Rengoku, wanda aka fara nuna shi a jirgin ƙasa yana narkar abinci yana yabonsa da ƙarfi bayan kowace loma. Na rubuta cewa wannan ba shi da ladabin cin abinci. Kafin asubar fim ɗin ta yi, bawan Allahn nan ya tsare jirgi guda babu ran da ya salwanta, dodo ya huda masa ciki da hannu, shi kuma ya riƙe dodon gam yana jiran rana ta fito ta ƙone shi. Dodon ya tsinke hannuwansa ya tsere daji. Rengoku ya durƙusa, ya yi wasiyya, ya cika.

Tsakar dare ne, kowa ya yi barci. Sai na ji motsi a bakin ƙofa.

"Malam, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Hayaƙin maganin sauro ne ya shige mini ido."

"Yau ai ba mu kunna ba."

Daga ranar abin ya zama ciwo. Na kai zancen majalisa, ina yi wa dattawa bayanin dabarun numfashin masu takobi a gaban mai shayi. Wani abokina da muka yi firamare tare ya ajiye kofi ya ce, "Yanzu kai da furfurarka, zane ne ya mutu kake so mu yi maka ta'aziyya?" Na tuna masa wanda ya fito daga silima yana sharɓar hanci ranar da Amitabh ya mutu a Sholay. Ya ce wancan ai mutum ne. Na ce to mutumin yana nan da ransa a Mumbai, nawa kuwa ya tafi ke nan. Ba a sake ba ni fili ba ranar.

Auta ya ga kasuwa ta buɗe, ya kawo mini One Piece. Na tambaye shi kashi nawa ne, ya ce ya haura 1100, tun 1999 ake yi, kuma har yau ba a gano dukiyar da ake nema ba. Na buga lissafi: minti 24 sau 1100, awa 440 ke nan, kwana 18 ba barci ba salla. Wannan shi kaɗai hukumata ta taɓa haramtawa, ita ma ga shugabanta kawai.

Don in farfaɗo da mutuncina na nemo fim ɗin manya, Oppenheimer na Christopher Nolan, mai awa uku, wanda ya kwashe kyautar Oscar bakwai a 2024. Maza ne cikin kwat suna ta magana a ɗaki, in sun gama su koma wani ɗakin su ɗora. Barci ya sace ni. Ashe wajen gwajin bam ɗin sai da Nolan ya ɗauke sauti tsit na ɗan lokaci, sannan ya sake shi gaba ɗaya. Na zabura ina salati, na yi waje ba takalmi ina cewa a kashe mita, taransifoma ta fashe.

Spirited Away na Hayao Miyazaki kuwa, na so in hana saboda aladun da ke ciki. Amma da na ga iyayen yarinyar sun zama aladu ne don sun afka wa abincin da ba a ba su ba, sai na tara yara na yi musu wa'azi a kan kwaɗayi. Babbar 'yata ta ce, "Abba, ai uban ne ya fara ci, yarinyar ce ma take hana su." Na ce a ci gaba da kallo. Duk da haka fim ɗin ya burge ni, har na yanke hukuncin cewa duk abin da kamfanin Ghibli ya yi halal ne ga yara, ba sai an tace ba. Wannan fatawa ce ta kai ni ta baro.

Washegarin babbar salla surukata Hajiya ta zo da jikokinta na ɗaya gidan. Yara suka cika tsakar gida, wannan ya ture kwanon nama, wancan ya nufi kaskon suya. Na ce a bar ni da su. Na tara su a falo, na duba filash, na ga wani na Ghibli mai hoton yaro da 'yar ƙanwarsa a tsaye cikin ƙwarin nan masu walƙiya da dare a damina. Grave of the Fireflies. Turancin sunan ma ban tsaya na karanta shi da kyau ba. A mintunan farko yaron ya mutu a tashar jirgin ƙasa, cikin tsumma. Na ce, "Kada ku damu, zai tashi, haka suke yi."

Bai tashi ba. Fim ɗin baya ya koma, zuwa birnin Kobe a 1945, jiragen Amurka na zubo bama-baman wuta a kan gidajen katako. Uwar ta ƙone ta rasu, uban yana rundunar ruwa, babu labarinsa. Seita mai shekara 14 da Setsuko mai shekara 4 suka koma hannun wata gwaggonsu. Aka sayar da suturar uwarsu aka sayi shinkafa, shinkafar ta ƙare, gori ya fara: ku ba kwa aikin komai sai ci. Yaron ya yi zuciya ya ɗauki ƙanwarsa suka tare a wani ramin ɓuya a bakin tafki. Akwai gwangwanin alewa da yarinyar ke riƙe da shi. Da alewar ta ƙare, sai ya zuba ruwa a ciki ya girgiza ya ba ta ta sha zaƙin da ya rage. Daga baya ƙuraje suka feso mata, ga zawo, likita ya ce ba magani take buƙata ba, abinci. Har ta kai tana kwance tana tsotsar ƙwallon gilashi a zaton alewa ce, tana miƙa wa yayanta curin laka wai ta yi masa abinci.

A nan falo ya rikice. Ƙanana na kuka don manya na kuka, manya na kuka don sun gane. Aka bar nama a kan wuta. Maƙwabciya ta leƙo da mayafi a hannu tana tambayar wa ya rasu. Ni kuwa rimot na hannuna, na kasa kashewa, don ni ma ina so in ga ko za a kawo musu ɗauki.

Ashe Hajiya ta daɗe a bakin ƙofa. Na zame daga kujera na durƙusa ina kame-kame. Ko kallona ba ta yi ba, ta zauna ta ce wa Auta ya riƙa fassara mata rubutun ƙasa. Har aka ƙare ba ta zubar da hawaye ba. Da aka gama ta ce, "Yaron nan girman kai ne ya kashe masa ƙanwa. Maraya da zuciya? Da ya haɗiye gorin gwaggonsa, da ko ruwan kunu ne yarinyar ta samu. Mu da muka ga farin 1973 mun san ba a fushi da mai tukunya."

Na so in kare Seita, amma ba a musu da suruka, kuma ban da hujja. Daga baya da na bincika, sai na tarar shi kansa Isao Takahata da ya yi fim ɗin ya sha cewa ba fim ɗin adawa da yaƙi ya yi ba; abin da ya dame shi shi ne yaron da ya yanke kansa daga jama'a. Akiyuki Nosaka kuma, wanda ya rubuta labarin a 1967, ƙanwarsa ce ta mutu da yunwa a 1945, ya rubuta ne don neman gafararta. Wato abin da na yi ta karance-karance kafin in gane, Hajiya ta gano shi a zaune, da fassarar yaro ɗan firamare. A ganina ma minti 89 ɗin nan sun fi awa ukun Nolan faɗin abin da ake nufi da jefa bam a kan gari, don shi Nolan bai nuna ko gida ɗaya na Japan da abin ya faɗa wa ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne, a 1988 tare aka haɗa fim ɗin da My Neighbor Totoro a silimun Japan, tikiti ɗaya. Ke nan akwai iyayen da suka kai 'ya'yansu kallon dodo mai fara'a suka fito da irin abin da na jawo.

A daren nan uwargida ta rushe hukumar, ba tare da sanarwa ba. Rimot ya koma jakarta. Jikokin Hajiya biyu sun ƙi cin alewa har suka tafi, uwarsu kuma ta bugo waya tana tambayar me aka nuna wa 'ya'yanta.

Bayan salla da 'yan kwanaki Hajiya ta kira. Na miƙe tsaye na amsa, ina jiran hukunci.

"Malam, fim ɗin marayun nan, a tura mini shi a waya. Akwai matan gidanmu da nake so su gani."

"To, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu kuwa zan tura."

"A'a, ba kai ba. Ka ba Auta. Kuma a haɗo shi da shi, ya zo ya yi mana fassara."