Rabe-raben Masu Shirya Babur Domin Doguwar Tafiya a Ƙaraye da Rogo

A ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, waɗanda ke yammacin Jihar Kano, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu a tsarin da aka yi a 2024, babu abin hawan da ya kai ƙaramin babur shan aiki, domin shi ke kai manomi fadama, shi ke kai maras lafiya asibiti, kuma shi ake ɗaura wa kaya idan tafiya ta kama zuwa Maƙarfi da Zariya ta ɓangaren Rogo, ko zuwa Gwarzo da Dayi har Malumfashi ta ɓangaren Ƙaraye. Ƙaramin babur a nan shi ne mai inji si-si 100 zuwa 125, wato ma'aunin girman cikin injin, irin su Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya da Jincheng na ƙasar Sin da ɗan siririn nan da ake kira roba-roba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, mutane da yawa da a da suke shiga mota zuwa biki ko ta'aziyya ko cin kasuwa suka koma yin tafiyar a kan babur, sai tambayoyi biyu suka taso, wato ina za a sa kaya, kuma da me za a tare iska. Amsar masana gajeriya ce: kaya mai nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa kuma kusa da bayan matuƙi, kada ya zarce tayar baya, gilashin gaba kuwa ya tsaya daidai hanci yadda ido zai riƙa kallon hanya ta samansa. Amsar jama'a ce mai tsawo, kuma ita ta raba su aji-aji.

Ajin farko shi ne na ma'abota roba, wato tsohon tib ɗin tayar mota da aka yanyanka shi tsiri-tsiri ya zama igiya mai miƙewa. Ɗan wannan aji ya yi imani cewa duk abin da Allah ya halitta roba za ta iya riƙe shi a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke bayan sirdi, tun daga buhun taki mai kilo 50 har akuya da tabarma da buta, kuma mafi yawan lokaci gaskiyarsa ce. Aibinsa kawai shi ne babu mai iya kwance ƙullin da ya yi sai shi, saboda haka duk wanda ya sa hularsa cikin jakar da ke ƙarƙashin ɗaurin sai ya haƙura da ita har a sauka.

Kusa da shi akwai abokin mai walda, wanda kariyar da kamfani ya yi ba ta taɓa isarsa ba. Yakan sayo ƙarfe, ko ya aika a sayo masa daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a ƙara wa kariyar tsawo da faɗi har ta wuce fitilar baya da kamu biyu, sa'an nan ya ɗora buhun masara a can ƙarshenta. Da yake nauyin ya koma bayan gindin tayar baya, tayar gaba sai ta yi sauƙi ta riƙa shafar ƙasa kawai, shi ya sa ake ganinsa zaune a kan tanki, ƙirjinsa a kan sitiyari, yana amfani da jikinsa wajen danne kan babur. Shokozoba, wato ƙarfen nan mai murɗaɗɗiyar waya da ke shanye girgizar hanya, ba ya shekara a hannunsa, kuma a kullum laifin na masu ƙera kayan zamani ne da ba sa yin abu mai ƙwari.

Amma wanda ya cancanci a tsaya a kansa sosai shi ne mai gilashi. Gilashin da ake magana a kai ba na kwalba ba ne, faranti ne na roba mai haske da ake ɗaurawa a kan sitiyari domin ya karkatar da iska daga ƙirjin matuƙi, kuma adalci ya sa a faɗi cewa yana da amfani na gaske, musamman da asubahin hunturu lokacin da sanyi ke ratsa riga uku, ko da almuru a gefen madatsar ruwan Calawa, wadda aka kammala a 1992, inda ƙwari ke bin hasken fitila su faɗa ido da baki. Ƙarami daidai misali zai wadatar. Sai dai mai gilashi bai san daidai misali ba, domin idan ya shiga Kano sayayya ba ya tambayar wanda ya dace da babur ɗinsa, wanda ya fi girma a shagon yake nunawa, ko da kuwa an yi shi ne domin babur mai ninkin ƙarfin nasa sau biyar, kuma yakan dawo da shi rungume cikin kwali ya bi ta gaban majalisa a hankali domin a tambaye shi.

Da yake ramukan gilashin ba su dace da sitiyarin ba, sai bakanike ya shafe yini yana hudawa da lanƙwasa ƙarfe da cusa guntun tib, mai gilashi na tsaye a kansa yana cewa, "Oga, a ɗan ƙara ɗaga shi sama," har sai gefen saman ya zarce ƙoƙon kansa. Daga nan sai ado ya biyo baya. Ana fara liƙa tambarin ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya a tsakiya, sai hoton ɗan takarar da ya ba da kyautar atamfa a zaɓen da ya wuce, sai sunan ɗansa na fari, sai wata kalmar habaici ga maƙiyan da shi kaɗai ya san da su, sai tuntaye masu lilo da 'yan fitilu masu ƙyaftawa a kewaye, har abin da aka saya domin a ga hanya ta cikinsa ya rage saura 'yar taga da ba ta fi tafin hannu ba. Wannan ne asalin zaman da aka san shi da shi, wato ya karkatar da wuya gefe guda yana leƙen hanya ta gefen gilashin, iskar da ya kashe kuɗi domin ya guje mata tana dukan fuskarsa sosai da sosai.

Hunturu na shigowa sai ƙura ta lulluɓe gilashin, shi kuwa ya sa hannun riga ya goge a bushe, alhali ƙurar ɗauke take da ɓurɓushin yashi da ke kankare roba, saboda haka kafin sanyi ya wuce farantin ya yi dishi-dishi, duk motar da ta hasko shi da dare sai hasken ya watsu ya zama farin bango a gabansa. Idan babbar mota ta wuce shi a guje, iskarta takan bugi gilashin ta girgiza sitiyarin da yake ɗaure a kai, ya yi ta salati yana neman gefen titi. Tun da turjiyar iska tana ninkuwa huɗu ne duk lokacin da gudu ya ninku biyu, ƙaramin injin da ke ture wannan faffaɗan allo a gaba sai ya rage gudu ya ƙara shan mai, amma mai gilashi ya riga ya gano mai laifi, wato yaron da ke sayar da fetur a galan a bakin hanya, wanda yake zargi da haɗa shi da kananzir. A hanyar burji kusoshin sukan sassauta, gilashin ya riƙa kaɗawa da wata irin ƙara da matan gida ke jin ta tun daga bayan gari su ɗora ruwan wanka. Ranar da babur ya faɗi a yashi gilashin ya tsage, ba cire shi ake yi ba, ƙusa ake gasawa a huda gefe da gefen tsagar a ɗinke da waya kamar yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya, a rufe ɗinkin da sabuwar sitika. Hular kwano kuwa ba ta cikin lissafinsa, domin za ta ɓata karin hularsa, kuma a wannan fage yana da magabata, tun da lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular a watan Janairun 2009 an ga wasu 'yan acaɓa a Kano da ƙoƙon duma a ka. Duk wanda ya ba shi shawarar ya rage tsawon gilashin amsa ɗaya yake samu: "Ai Malam, wanda bai taɓa hawa mai gilashi ba bai san daɗin babur ba."

Sauran azuzuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai ɗalibin waya, matashin da ya kalli bidiyon Turawa masu ratsa Sahara da akwatunan alminiyam a gefe da gefe, ya haddace sunayen kamfanonin da ke yin su da farashinsu da dala, ya kuma raina jakar Gana-mas-go, wato jakar leda mai zanen dara da ta samo sunanta daga korar baƙi da aka yi a Nijeriya a 1983. Shekara uku ke nan yana shirin tafiya Agadas, kuma mafi nisan inda aka tabbatar ya kai shi ne Gwarzo. Akwai mai rataye jakunkuna biyu a kan sirdi ba tare da ya lura cewa ta dama tana kwance a kan salansa ba, sai ƙaurin sabuwar shaddar biki ya sanar da shi a wajen Zarewa. Akwai mai tsimin mai, wanda ke cire madubai da murfin sarƙa domin a rage nauyi, ya kashe inji a kowace gangara, sa'an nan ya goya mutum biyu. Akwai dattijon rumfar mai faci, wanda rabonsa da tuƙi tun zamanin keken Raleigh, amma ba a ɗaura kaya a gabansa bai ce, "Yaro, ba haka ake yi ba." A gefensa kuma yawanci akwai wani mai ɗan littafi a aljihu, wanda ke zaune yana rarraba bayin Allah aji-aji, kuma masu lura sun ce shi ne ya fi kowa sanin yadda hasken mota ke watsuwa a kan gogaggen gilashi, sanin da ba a samun irinsa ta hanyar tambaya.

Masu saƙo ba matuƙa ba ne, amma babu bayanin kayan babur da zai cika ba tare da su ba, domin su ne ke rushe duk lissafin da aka yi. Da zarar labari ya fita cewa wane zai je Zariya gobe, kafin a idar da sallar asuba ƙofar gidansa ta cika: gwaggo ta kawo ƙullin daddawa da kuka a kai wa 'yarta, maƙwabci ya kawo mazarƙwaila, wani ya kawo zakara da ƙafa a ɗaure, kowa kuma da kalma ɗaya yake farawa, "Ɗan wannan ne kawai, ɗana, ba shi da nauyi." Ba a mayar wa gwaggo saƙo, saboda haka matafiyin ne ke sauke jakar kayan sawarsa ya tafi da rigar jikinsa.

Duk waɗannan da aka lissafa, kansu da aljihunsu da shokozobansu suke wahalarwa, shi ya sa ake iya yi musu dariya a kuma ci tuwo tare da su. Mai giciye dabam ne. Shi ne wanda ke ɗaura dogon kaya a gicciye a kan kariya, ko bandir ɗin kwanon rufi, ko katako, ko azara, ko damin rake, ko ƙofar ƙarfe, ko rodi wanda tsawonsa mita 12 ne kafin a lanƙwasa shi, ya bar kayan sun fito hagu da dama har faɗin babur ya kai na mota, sa'an nan ya kama hanya bayan magariba da fitila ɗaya tilo, ba jan ƙyalle, ba wata alama a bakin kayan. Mai tahowa daga gaba fitila ɗaya yake gani, ya ɗauka babur ne kamar nasa, ya ba shi ratar da ake ba babur, kuma bakin kwano ko tsinin rodi yana daidai gwiwa ko ƙirjinsa ne. A cikin gari kuwa wannan tsayin shi ne daidai fuskar yaran da ke dawowa daga makarantar dare da 'yan matan da ke talla a bakin hanya. Shi da ke tsakiyar kayan babu abin da ke taɓa shi, kuma ya san da haka sarai, domin idan zai shiga zauren gidansu yakan tsaya ya kwance kayan a hankali kada su kankare masa bango. Idan aka yi masa magana ya ce ai nan kusa ne, idan abin ya auku ya ce tsautsayi ne, a tara dattawa a ba da haƙuri, wanda aka yanka kuwa ya yi jinyar kansa.

Abin da ya ƙara muni shi ne mafita ba ta da tsada, domin akwai amalanken shanu, akwai kura, akwai babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kuma ko a kan babur ɗin ma ana iya jiran gari ya waye a ɗaura jan ƙyalle a kowane baki. Shugabannin ƙungiyoyin masu babura a tashoshin Ƙaraye da Rogo, da dagatai da masu unguwanni tun daga Yammedi da Turawa har Fulatan da Gwangwan, sun san masu wannan ɗabi'a da sunayensu da gidajensu, kuma su ne ya kamata su hana duk wani dogon kaya tashi a gicciye bayan faɗuwar rana.