Tattabarar da Ta Ƙi Mutuwa

Akwai wani manomi a Linkonsha, can gabashin Ingila, da nake gyara wa kwamfutar ofishin gona. Ya daɗe yana cewa in zo mu harbi tattabaru, ni kuma ina ba shi "insha Allahu" irin wadda ba a sa mata rana. Tsautsayi ya sa ya bugo waya ana cikin cin tuwon dare, ga Kawun matata a zaune, wanda ya zo daga Gusau bikin kammala karatun 'yarsa. A daren kuwa bakina ya riga ya ja mini, don na gama shaida wa jama'a cewa ina yaro babu kurciyar da ke sauka a unguwarmu in ina riƙe da danƙo. Kawu ya suɗe hannu ya ce, "Farauta? Ai da ni za a je." Suruki ba a ce masa a'a. Jiya Asabar da hantsi muna gona.

Tattabarar dajin Ingila ta fi hasbiya girma, tana kai rabin kilo, da farin tabo a wuya da farin zane a kowane fiffike. Masu ƙidayar tsuntsaye sun ce akwai ma'aurata sama da miliyan 5 a Birtaniya, kuma a watan Fabrairu, in hatsin da ya zube bayan girbi ya ƙare, gonar kanola suke afka wa. Kanola dangin kabeji ce, daga ƙwayarta ake tatsar man girki, a lokacin sanyi kuwa ganye ce kawai kwance a ƙasa. Garke guda in ya saba da gona, sai ka ga gefenta ya koma tsirara. Shi ya sa doka ta yarda a harbe su kowane wata na shekara don kare amfanin gona. Labarin da manomin ya fi so a duniya shi ne na Afrilun 2019, lokacin da aka ƙalubalanci lasisin gama-gari na harbin, hukumar Natural England ta janye shi, masu bindiga suka zauna suna kallon tattabaru na cin rabonsu kafin a fito da sabo. Ya ba ni labarin a mota, ya sake ba ni a bakin shinge.

Ni ba ni da takardar riƙe bindiga, wadda 'yan sanda ke bayarwa. Amma mai gona na iya ara maka tasa, muddin kana kan ƙasarsa kuma yana tare da kai. Wato duk abin da zan aikata, a gaban shaidu zan aikata shi.

Kawu ya fito cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, guga har tana ɗaukar ido. Manomin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya je bayan mota ya ɗauko wata ƙatuwar riga mai launin ciyawa tana warin kare. Ni na raka Kawu ya sauya, na durƙusa na cusa masa takalmin roba, kuma a wannan lokacin ne manomin ya shiga gona ya gama shirinsa. Da muka dawo ya yi ta nuna mini fili yana bayani, da Turancin Linkonsha, cikin iska. Abin da na tsinta shi ne ya jera tattabarun roba a siffar kofaton doki, kowace na fuskantar iska, don tattabara iska take fuskanta in za ta sauka, ya kuma bar fili a tsakiya, kimanin taku talatin daga inda za mu ɓuya. Ragowar bayanin iska ta tafi da shi. Ni dai na yi ta gyaɗa kai.

Maɓoyar raga ce aka kafa da sanduna jikin shinge, mu uku da baƙar karya Labrador. Kawu ya zauna nesa da ita iyakar iyawarsa, wato tazarar tafin hannu. Ita ko kallo bai ishe ta ba, idonta na sama.

Manomin ya koya mini abin da ya sawwaƙa. Ido biyu a buɗe. Ka biyo tsuntsuwa da bakin bindiga ta baya, gindi, ciki, baki, sannan ka saki, kuma kada hannunka ya tsaya. Kada ka ɗago kai sai ta matso. Ya fara bayanin cewa farar fuska ce ke korarsu tun daga nesa, sai ya dube ni, ya dubi Kawu, ya bar maganar.

Daga nan Kawu ya karɓi aikin koyarwa.

"Ɗana, rufe ido ɗaya."

"Kawu, ya ce a buɗe duka biyun."

"Shi ya sa har yau bai gama da su ba."

Tattabaru suka fara zuwa ta kan wata doguwar bishiya, hanyar da suke bi kullum. Na harba, suka wuce. Tsuntsuwar nan da ta ga motsi sai ta karkace a iska ta zame gefe, ka tarar sama ka ɓarar wa harsashi. Duk harbin da na yi Kawu na da sharhi a kai. "Ka yi sama." Na gaba, "Ka yi ƙasa." Akwai wanda ya yi shiru ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, "Wannan kam ka yi daidai, ita ce ta kauce."

Can ya taɓa ni. "Gaya masa ya bar su su sauka su ci su ƙoshi tukuna. Tsuntsu in ya ƙoshi nauyi yake yi, ba ya iya tashi." Na juya na gaya wa manomin cewa Kawu ya ce gonarsa ta yi kyau. Ya yi godiya. Kawu ya ga an yi murmushi, sai ya ƙara himma. "Tambaye shi, ba shi da yara ne? Igiya doguwa, gwangwanaye, yaro ɗaya a kan rumfa. Da me muke korar jan-baki daga gero?" Na ce wa manomin Kawu na gaida iyali.

A gonar maƙwabci akwai wani abu da ke bugawa, dum, jifa-jifa. Kawu ya saurara ya ce, "Wancan maharbin ya fi ka nutsuwa. Ka ji ba ya gaggawa." Tukunyar gas ce da aka haɗa wa bututu da agogo don tsorata tsuntsaye, kuma tattabarun sun saba da ita har suna kiwo a gindinta. Ban gaya masa ba. A wannan lokacin ina ganin ni ne mai wayo a maɓoyar.

Manomin ya juya baya yana tsiyaya shayi daga filas. Sai na hango ta. Can gefen na roban, ɗan sama da ganye, wata tana kaɗa fiffike. Gashi na gaske, toka-toka, farin zanen nan na walƙiya. Ta yi shiru. Ta sake kaɗawa. Kawu ma ya gani, ya matso da bakinsa kunnena: "Ga rabonka nan Allah ya kawo har gida."

Babu gindi, babu ciki, babu baki. Na yi bisimilla na saki bakin bindigar duka biyu a jere. Gashi ya tashi fal a iska. Na ji muryata, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, tana cewa, "Na same ta!"

Karyar ba ta motsa ba. Wannan wurin nake ta komawa tun jiya. Karyar da tun safe jikinta ke rawa duk sanda bindiga ta tashi, tana jiran a ce mata je ki, ta dubi tsuntsuwar, ta dubi ubangidanta, sannan a hankali ta juyo ta dube ni. Kawu ya ce, "Malalaciya ce. Karnukan Turawa ƙoshi ya yi musu yawa."

Sai fiffiken ya sake motsi.

"Da sauran ranta! Maza, kafin ta zama mushe!" Ban san inda Kawu ya ciro wuƙa ba, na dai ji ta a tafina. Na danƙa wa manomin bindigarsa, ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kofi, ya ce wani abu da ya fara da sunana. Na keta raga, hular sanyina ta maƙale ta faɗi, taɓo ya riƙe takalmi ɗaya na bar masa. Da takalmi ɗaya da safa ɗaya na ratsa gonar mutum a guje, wuƙa a sama.

Na zube a gabanta bisa gwiwa. Ta yi tsit. Daga baya ina jin Kawu: "Gabas! Juya ta gabas!" Babu rana a sama, ko alamarta. Alƙibla a Ingila kuma kudu maso gabas take, don haka ina durƙushe cikin taɓo ina lissafin ta ina teku yake. Na kama wuyanta. Sanyi ƙalau, irin na ƙanƙarar mai zoɓo. Zuciyata ta ce, Fabrairu ne, komai ma sanyi gare shi. Idonta a rufe, ya lotsa ciki. Zuciyata ta ce, azaba ce, yi sauri ka hutar da ita. Na yi ƙoƙarin juya ta, ta ƙi juyuwa. Zuciyata ta ce, kai, tattabarar ƙasar nan akwai taurin rai.

"Taɓa idonta! In ta ƙifta ta halatta!"

Na sunkuya na kai fuskata daf da tata don in ga ko za ta ƙifta. Sai ji na yi fas a kunci. Fas. Fas. Fiffike ɗaya ne ke aiki, amma da tsari yake marin, babu gaggawa babu fushi, kuma a ƙarƙashinsa akwai wata 'yar ƙara, zzz, zzz, wadda na ɗauka gargarar mutuwa ce.

"Allahu Akbar, da ranta! Yanka!"

Na danne, na ɗaga murya yadda duk Linkonsha za ta shaida, na yi bisimilla na yi kabbara, na ja wuƙa. Ko ɗigon jini. Na sake ja. Wuƙar ta ce ƙyas a jikin ƙarfe.

Na leƙa ƙarƙashinta. Tsinken ƙarfe ne ya soke ta tun daga baya har wuya. Kowane fiffike an ɗaure shi a wani ɗan hannu na ƙarfe, na dama harsashina ya karya. Ƙasa da su ɗan inji ne, daga injin waya ta fita, ta bi cikin ganye, ta ƙare a jikin batir mai bolt 12 da aka rufe da tsumma. Na bi wayar da ido har ƙarshenta, na dawo, na sake bi. Duk wannan hannuna na wuyanta, wuƙa na ɗayan hannun, gwiwoyina na nutsewa. Agogon injin ya cika, fiffiken ya tashi ya ƙara mini uku.

A daidai nan ne garken da ya fi kowane girma a yinin ya ɓullo ta kan doguwar bishiyar. Na ji shuuu a sama. Suka karkato, suka tanƙwashe fiffike za su sauka a filin da aka tanadar musu, sai suka tarar da mutum durƙushe a tsakiyarsa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ana marinsa. Gaba ɗaya suka yi sama, suka nufi gonar maƙwabci, wajen maharbin nan mai nutsuwa.

Manomin ya taho a hankali, bindiga a karye bisa hannunsa. Da dariya ya yi da na ji sauƙi. Bature ba ya yi maka wannan alherin. Ya tsaya a kaina, ya dubi injin, ya taɓa karyayyen hannun da yatsa, ya kurɓi shayi. Sannan ya ce, "Wannan tun Talata ta mutu."

Shi ya harbe ta ranar Talata, ya jefa a firiza, daren Juma'a ya ciro ta don ta saki. Tattabara ta fi yarda da 'yar'uwarta mai motsi a kan na roba, shi ya sa ake ɗora matacciya a kan inji mai kaɗa fiffike. Ya ce ai ya nuna mini ita da muka dawo daga mota, har na gyaɗa kai.

Kawu ya iso yana tattare gefen shadda da ya leƙo ta ƙarƙashin rigar aro. Ya sunkuya, ya duba wuyan tsuntsuwar da kyau, ya ɗago. "Yankan dai ya yi kyau," in ji shi. "Hannunka bai yi rawa ba." Ya dubi manomin. "Tambaye shi, ranar Talatar ya yi bisimilla?" Na ce wa manomin Kawu na jajanta masa injin. Kawu ya bi wayar da ido shi ma, ya girgiza kai. "Da ka rufe ido ɗaya yadda na ce, da ka ga wayar."

Manomin ya busa usur, ya miƙa hannu. Karyar ta fito a guje, farkon aikenta ke nan tun safe. Ta wuce tsuntsuwar ko shinshinawa ba ta yi ba, ta zagaya, ta koma bakin raga, ta ɗauko hulata. Ta zo ta zauna a gabana, ta ɗaga kai, tana jira in karɓa yadda aka koya mata. Manomin ya ce in lura, ko zare ɗaya haƙorinta bai taɓa ba, don an horar da su su ɗauko tsuntsu ba tare da sun murƙushe shi ba. Hular ta jiƙe sharkaf da yawu. Na riƙe ta da yatsa biyu na dubi Kawu.

Ya gyara murya. "A Malikiyya yawun kare ba najasa ba ne. Wanki bakwai na ƙwaryar da ya sa baki a ciki ne. Ka taɓa shan fura da hular?"

"A'a, Kawu."

"To saka abarka. Kuma ka ce ya bar mana tsuntsuwar. Ba ci za mu yi ba, kada dai mu shiga gida hannu Rabbana."