Taron Canza Aksul

Tsohuwar a-kori-kura ba ta mutuwa rana ɗaya. Inji ya gaji a sauke shi a yi masa garambawul, bodi ya tsage a kai wa mai walda, ƙofa ta ƙi rufuwa a ɗaure ta da roba. Duk wannan ba ya tara jama'a. Abin da ke tara jama'a shi ne ranar da aksul ɗin baya ya fara kuka, irin kukan nan da ke tashi in an taka totur, ya lafa in an ɗaga ƙafa, har mai motar ya yanke shawarar a tumɓuke shi ɗungurungum a sa na wata mota da ta fi tasa ƙuruciya. Motar dai Peugeot 404 ce ko 504, aksul ɗin da ido ya fi kai wa kuwa na Toyota Hilux ne, don shi ya cika kasuwa.

Aikin kansa tambaya uku ce. Faɗin sabon ya yi daidai da na tsohon? Haƙoran cikinsa nawa ne? Ramukan notin taya sun zo ɗaya? Da tef da alli, ɗan sakandare zai amsa su kafin shayi ya huce. Amma a kan shafe mako biyu motar na ɗage a kan kututture, domin duk wanda ya hallara akwai wadda ya rantse ba zai duba ba cikin ukun nan.

Mai motar shi ne na farko, kuma iri biyu ne. Akwai magaji, wanda ba ya ce mata mota sai "motar Baba". Shi wannan so yake a canza aksul amma kada motar ta ji an taɓa ta. Kowane noti aka kwance sai ya tsince shi ya goge ya jefa a gwangwanin madara. In an ɗaga guduma sai ya runtse ido. Akwai kuma ɗan kasuwa, mai jigilar buhunan masara daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, wanda buƙatarsa mai sauƙi ce ƙwarai a ganinsa: motar ta riƙa ɗaukar ninkin abin da take ɗauka, ta fi da gudu, ta kuma rage shan mai. In bakanike ya ce, "Alhaji, ai ɗaya za ka zaɓa," sai ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "To me ya sa zan biya ka kuɗi?"

Gaskiyar bakaniken ce, kuma ga dalili. A cikin tulun nan da ke tsakiyar aksul akwai babban faifai mai haƙora, da wani ƙarami da farfela ke juyawa. In babban na da haƙora 39, ƙaramin na da 8, sai farfela ta juya kusan sau biyar kafin taya ta zaga sau ɗaya. Wannan mota ce mai jan kaya, amma a miƙaƙƙen titi inji zai yi ta ihu yana zuƙar mai. In kuwa 41 ne da 10, juyi huɗu da 'yan kai ya isa: ga gudu, ga lafawar inji, amma ranar da aka yi mata lodi aka fuskanci tudu za a ji jiki. Abin da aka ƙara a gudu, daga ƙarfi aka ɗebo shi. Alhaji ya sha jin wannan bayani, yana gyaɗa kai har a kai ƙarshe, sannan ya maimaita buƙatarsa kamar yanzu ya iso.

Sai tsohon bakanike, wanda yaran gareji ke kira Baba, abokan ciniki kuma Oga. Shi bai yarda da aikin ba tun daga tushe. A wurinsa ƙarfe biyu ne a duniya, na Faransa da kuma gwangwani. Zai tuna maka cewa a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, kuma a wancan zamani ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga Lyon a sauke a Kano. Wannan gaskiya ne. Zai ƙara da cewa shi da kansa ya yi aiki a wurin, wanda kuma in ka lissafa yawan tsofaffin bakanikan da suka faɗa maka haka, sai ka rasa inda kamfanin ya samu filin tsayar da su. Ya san tarihi tiryan-tiryan: 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kuma a shekarar da ta biyo baya ta ci kambun motar shekara a Turai. In ka ce masa ai Hilux ma a 1968 ta fito, sai ya ce, "Ta fito a ina? Mu dai ba mu gan ta ba."

Amma fa kada ka raina shi. Shi kaɗai a wurin ya taɓa buɗe aksul irin na 403 da 404 na farko-farko, wanda wata dunƙulalliyar ƙusa mai zare ke juya faifan tagulla a ciki, kuma yake da man da aka keɓe masa wanda ba a gauraya shi da wani. Shi kaɗai ne zai ɗora kan sukuddireba a jikin tulu, ya kara ƙotar a kunne, ya ce maka boris ne ke kuka ba haƙora ba, kuma in an buɗe a tarar haka ne. Matsalarsa ɗaya, in an ƙi jin shawararsa ba ya fushi ya tafi. Kujera yake jawowa ya zauna ya jira a yi kuskure, kuma yana da haƙurin jira.

Daga nan sai dillalin kayan gyara. Ko a Ƙofar Ruwa ka same shi a Kano, ko a Fanteka ta Kaduna, ko ka wahalar da kanka har Ladipo a Legas, kalmarsa ɗaya ce: "Zai shiga." Ba ya tambayar wace mota. Ba ya tambayar wace shekara. Kafin ka rufe baki ya ce zai shiga. Aksul ɗin na kwance a ƙasa cikin tsatsa da yanar gizo-gizo, shi kuwa yana dafa shi da ƙafa yana cewa, "Beljiyam ne, ranka ya daɗe. Wata tsohuwar Baturiya ce ke da motar, coci kawai take zuwa da ita." Ban san me ya sa tsofaffin matan Turai ke son zuwa coci da motar ɗaukar kaya ba, amma bisa shaidar dillalai sun yi yawa. In ka tambaye shi haƙora nawa ne, sai ya ce cikakku ne, ko ɗaya bai karye ba.

Akwai hanyar kama shi cikin sauƙi, ba sai an buɗe tulu ba. A riƙe gefe ɗaya kada ya motsa, a yi alama da alli a ɗaya gefen da kuma bakin da farfela ke kamawa, a juya gefen sau biyu cif ana ƙirga zagayen bakin farfelar. Abin da aka ƙirga shi ne amsar. Da ka fito da alli za ka ga dillali ya tuna ana kiransa a wani shago.

Mai walda kuwa mutum ne mai imani. A wurinsa babu abin da ba ya shiga, akwai dai abin da ba a yanke ba tukuna. Aikinsa a nan shi ne mafi hatsari: ya cire mazaunan sifirin daga jikin sabon aksul, ya sake liƙa su daidai tazarar sifirin tsohuwar motar. In ɗaya ya goce da faɗin yatsa, motar za ta riƙa tafiya a karkace, gaba na kallon Zariya baya na neman Funtuwa, taya na cinyewa ta gefe ɗaya. In ya karkatar da bakin tulun sama ko ƙasa fiye da kima, farfela ta riƙa jijjiga har madubi ya riƙa rawa, kuma mahaɗinta ba zai daɗe ba. In ya zuba wuta wuri ɗaya ba hutawa, bututun aksul ya lanƙwashe yadda ido ba ya gani amma boris na ji. Duk wannan aiki da me yake auna shi? Da tsinken tsintsiya. Tef ɗinsa wani ya ara tun kafin azumi. Yana gama walda sai ya ɗaga baƙin tabaransa, ya ja da baya taki uku, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ko daga kamfani sai haka."

Wanda ya fi ba shi haushi shi ne injiniyan waya. Ɗan boko ne, galibi ƙanen mai motar ko ɗan wansa, yakan zo da farar riga ya tsaya inda baƙin mai ba zai kai gare shi ba. Ya kwana yana kallon yadda Amurkawa ke wannan aiki, don su ma suna yi, har sun mai da shi abin nishaɗi. Zai ba ka labarin aksul ɗin Ford mai inci 9 da aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, wanda har yau masu tsofaffin motoci ke rububinsa, da na Ford Explorer mai inci 8.8 da suke tsintowa a makabartar motoci saboda na 1995 zuwa sama da birkin faifai yake zuwa. Duk abin da ya faɗa daidai ne, wannan ne ma abin takaicin. Shi ya ce a auna kusurwar farfela, shi ya ce a sayi sababbin ƙusoshin da ke rungume sifirin kada a mai da tsofaffi. Sai dai a garejin bidiyonsa akwai injin ɗaga mota da daɓen siminti mai ƙyalli, a nan kuwa akwai jak ɗaya mai zubar da mai da bulo huɗu. Da Baba ya gaji sai ya miƙa masa sifana ya ce, "Bismilla, ɗan nan, shiga ƙarƙashi ka nuna mana." Nan take wayarsa ke ƙara.

'Yan benci ba sa buƙatar dogon bayani. Ba motarsu ba ce, ba kuɗinsu ba ne, amma kullum da hantsi suna nan. Kowannensu na da wani aboki a Gusau da aka yi wa irin wannan aiki a rabin kuɗin. Dukkan maganarsu da "da ni ne" take farawa.

Yaron gareji shi ke ƙarƙashin mota tun safe, shi ya san cewa farfela ta gaza da faɗin yatsu uku kwana biyu kafin kowa ya lura, amma ba a tambaye shi ba, kuma ya koyi cewa yaron da ya riga Oga gani yana shan ranƙwashi. Don haka ya yi shiru har aka kai farfelar wurin mai juya ƙarfe aka ƙara mata tsawo. Shi ne kuma za a ɗora wa laifi in aka manta ba a zuba man giya ba, domin aksul ɗin kasuwa sau da yawa a bushe yake zuwa. Kowa ya ɗauka wani ya zuba. Tulu busasshe kuwa ba ya nisa, sai ka ji wari, sannan kuka ya dawo fiye da wanda aka gudo dominsa.

Ranar gwaji ta direba ce. Shi ba ruwansa da ƙirgan haƙora, da mazaunai yake jin mota. Ya fita da ita wayam ya dawo yana washe baki: "Alhaji, wallahi ta zama yarinya!" Abin da bai sani ba shi ne allurar gudu daga giyabos take samun labari, ba wanda ya gaya mata an canza wani abu a baya. In an tashi daga 39 da 8 an koma 41 da 10, allura na nuna 80 motar na zuba 95. Sai a shingen jami'an kiyaye haɗurra zai yi ta rantsuwa da gaskiyarsa, kuma da gaskiyar tasa, allurar ce ba ta da ita. Bayan mako guda, an yi lodin dankali an tunkari Hawan Kibo, direban nan dai shi zai bugo waya: "Alhaji, motar nan an kashe ta. Ko giya ɗaya ba ta ja." Birki ma ya sake hali, don tukwanen birkin sabon aksul ba da wannan mota aka auna su ba, ta yiwu baya ya riƙa cijewa kafin gaba. Wayar birkin hannu ba ta kai ba, an naɗe ta an ɗaure a jikin shasi "kafin a samu lokaci", wato an ƙara wa karen mota aikin dirowa da weji a kowane tudu har illa ma sha Allahu.

Mai faci ne ke gano tambaya ta uku, a gefen hanya, da daddare. Hilux mai jan ƙafa huɗu noti shida gare ta, wilin tsohuwar Peugeot kuwa bai san wannan lissafi ba. Tayar baya ta fashe, an sauko da safaya, an kara, ramuka sun ƙi haɗuwa. Daga ranar motar ta koma yawo da safaya biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, wurin buhu guda ya tafi ke nan. Alhaji da ya zo neman ninkin lodi ya tashi da ragin buhu. Uwargida, wadda tun farko ta ce a sayar da motar a sayi fili, ba ta ce komai ba, sai dai ta tambayi lafiyar motar sau uku a wurin cin tuwo.

Na ƙarshen zuwa shi ne maƙerin amalanken shanu. Ba ya gardama da kowa, ba ya tambayar sabon aksul. Tsohon da aka jefar bayan gareji yake zagayawa, ya taka shi, ya juya gefe ɗaya ya saurara, ya auna faɗinsa da igiyar wandonsa. Kukan haƙora bai dame shi ba, don bijimai ba sa kaiwa gudun da zai tashi. Yana cikin tayawa sai magaji ya fito a guje ya ce ba na sayarwa ba ne, ƙarfen Baba ne. Ɗan kasuwa kuwa ya sallama nan take, har ya tambaya ko za a haɗa da tsohuwar wayar birkin hannu. Dillali da ke gefe ya ji farashin, ya ja maƙerin waje ɗaya ya raɗa masa cewa yana da wani irinsa a shago, na Beljiyam, kuma zai shiga.