Injiniyan Sabulun Ruwa

Tsadar kayan masarufi ta mai da kowa masanin kimiyya a unguwarmu. Wannan na haɗa man shafawa, wancan na haɗa maganin sauro. Ni da na yi shekara da shekaru ina koyar da lissafi, na ga abin kunya ne a bar ni a baya. Na sanar da uwargida cewa an daina sayen sabulun wanke-wanke a gidan nan. Ta ce, "To, Malam, Allah ya sa mu gani da alheri."

Na tafi kasuwar Sabon Gari na dawo da ƙulle-ƙullen leda: kostik soda, soda ash, sulfonik asid, Texapon, Natrosol, kala da turare. Mai shago ya rubuta mini yadda ake bi da su ɗaya bayan ɗaya, sai dai rubutun nasa ko shi ma ba na jin zai iya karantawa.

Kostik ake fara jiƙawa a bar shi ya kwana. Na ɗauko tukunyar dalma ta uwargida, wadda ta zo da ita cikin kayan ɗaki, na juye garin na antaya masa ruwa. Tukunya ta ɗauki zafi ba wuta, ta fara huci tana tafarfasa, cikinta ya koma baƙi ƙirin. Salatin uwargida ne ya jawo Goggo, maƙwabciyarmu, wadda da sana'ar sabulu ta aurar da 'ya'yanta.

"Malam, kashe mu za ka yi? Kostik yana cin alminiyam, iskar da ke tashi kuma wuta take kamawa. A bokitin roba ake yi, a waje inda iska ke kaɗawa. Kuma garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa a kai, don tsalle yake yi ya sami ido."

Na ce mata tukwanen zamani ne ba su da ƙwari. Uwargida ta ce wannan ta kakarta ce.

Washegari na sami bokiti mai lita 20 da muciya. Natrosol shi ke ba sabulu kauri, don haka na kifa ledarsa gaba ɗaya cikin ruwa. Ya dunƙule ya yi gudaji kamar tuwon amaryar da ba ta taɓa shiga kicin ba. Goggo ta leƙo ta katanga ta ce kaɗan-kaɗan ake yayyafa shi ana juyawa, kuma sai ya narke sarai ake zuba ruwan kostik, domin kostik ɗin ne ke sa shi ya kumbura. Na tace gudajin da rariyar garin uwargida. Ita ma rariyar ta shiga lissafi.

Da gudajin suka fita, kaurin ya bi su. Ko da na zuba sauran kayan haɗin, abin ya zama tsululu. Na ji ana cewa gishiri na ɗaure Texapon, na zuba kaɗan, ya yi yauƙi gwanin sha'awa. A matsayina na malamin lissafi, na san in ɗaya ya yi kyau, goma za su fi. Na ƙara, sabulu ya sake tsinkewa ya koma ruwa.

"Gishiri iyaka gare shi," in ji Goggo. "Ka wuce ta, ya warware abin da ya ɗaure."

Na gwada wanke hannu. Kumfa kam ta yi, amma tafin hannuna ya ɗauki raɗaɗi yana santsi. Goggo ta kunna famfo ta danna hannun ƙarƙashinsa, ta ce in bar shi ya daɗe. Bayaninta shi ne kostik ya rinjayi sulfonik, alhali su biyun kashe kaifin juna suke yi, kuma akwai 'yar takardar awo da ake tsomawa, launinta ya nuna wanda ya yi yawa. Ta tambaye ni ina safar hannuna. Na ce namiji ne ni.

Ita ta gyara haɗin, ta dama jar kala a ruwa kafin ta zuba, ta ce a rufe ya kwana kumfa ta kwanta. Da safe na ɗura shi a gorunan zobo, na jera a zaure don baƙi su ga aikin hannuna. Baƙon farko surukina ne, ya shigo da ƙishirwar azahar. Har ya buɗe gora ya yi bismilla uwargida ta fizge ta.

Goggo ta yi mini wa'azin da ban taɓa ji ko a Juma'a ba: yara da yawa sun ƙone maƙogwaro saboda an ajiye ruwan kostik a gorar abin sha, don haka a rubuta suna a jiki, a ɗora inda hannu ba ya kaiwa.

Surukina ya gyara zama ya tambayi nawa na rage wa gidan. Uwargida ta lissafo tukunya, rariya, gishirin miya na wata guda da man ƙuna.

"Malam," ya ce, "ka ce lissafi kake koyarwa? Ɗaliban naka suna ina yanzu?"