To, Dantata Ya Yi MBA?

Na san ku sarai. Ba a gama furta MBA, digirin nan na harkar kasuwanci, ba kun riga kun taɓe baki, kun gyara zama, kun jefo tambayar nan da kuka gada: "Alhassan Dantata digiri nawa gare shi?" Ko ɗaya, ranku ya daɗe. Goro da gyaɗa suka kai shi inda ya kai, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Wannan kam kun ci, a tafa muku. Sai dai ku ƙarasa labarin mana. Tattaɓa-kunnensa Aliko Dangote har Alƙahira ya je karatu a Azhar, yau kuma ga makarantar kasuwanci da sunansa a Jami'ar Bayero. Ashe gidan da kuke kafa hujja da shi ma bai raina aji ba.

Ga wani can baya yana ɗaga yatsa, wai Bill Gates da Mark Zuckerberg barin Harvard suka yi. Haka ne, ƙanena. Amma sai da suka samu shiga kafin suka bari. Kai wacce ka bari? Dubi kuma waɗanda aka damƙa wa manyan kamfanoni daga baya: Satya Nadella na Microsoft ya yi MBA a Chicago, Sundar Pichai na Google a Wharton, Tim Cook da ya gaji Steve Jobs kuwa a Duke. Mai kafa kamfani ya iya tsallake makaranta, amma ran da za a nemi mai riƙe amanar dukiyar, takarda ake fara duba.

Kada ku tashi tukuna, akwai inda nake bayanku. Harvard, inda aka fara wannan digiri a 1908, shekara biyu ake yi, kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala dubu 70 a shekara. Ba a sa haya ba, ba a sa albashin da ka ajiye ka tafi ba, wanda shi ne asarar da mutane suka fi mantawa. Juya shi zuwa naira, amma ka zauna kafin ka duba. Shi ya sa makarantar INSEAD ta Faransa ke gama nata cikin kimanin shekara guda, shi ya sa kuma ma'aikata a gida ke bin na ƙarshen mako ko na karatu daga nesa irin na Jami'ar Ahmadu Bello, albashi bai tsaya ba.

Me ake sayowa da kuɗin? Za a koya maka karanta littafin asusu, ka gane yadda kamfani ke cin riba a takarda alhali aljihunsa wayam. Alhajin Kantin Kwari da bashi ya cika wa littafi ya san wannan tun ba ka iya ɗaura zariya ba, dariya ma zai yi. Abin da ba ya sayarwa shi ne 'yan aji: wancan na banki, waccan ta kamfanin waya, waɗanda nan da shekara goma su ne masu sa hannu.

Ku kuma 'yan uwana masu neman haruffa uku don katin ɗaurin aure ya yi nauyi, Allah ya ba da sa'a. Ma'aikacin gwamnati, ƙarin girmanka shekaru da jarrabawa ke kawo shi, digirin ba zai ɗauke ka ya tsallake layi ba. Akanta, ka gama da ICAN tukuna. Hajiya mai shagon atamfa, ki riƙe kuɗinki ki ƙaro kaya, ki ɗauki yaron da ya iya lissafi.

Saura kai, malam na banki, da ka shekara bakwai a kujera ɗaya kana kallon ƙannenka suna wuce ka. Kai ne ka fi kowa ƙarfin murya wajen zancen Dantata, na lura. Gobe da safe shiga wurin maigidanka ka tambaye shi abu biyu: kujerar da kake hange tana neman MBA? Kuma ofis zai biya wani abu? In ya ce ko rabi ne za su ɗauka, ajiye mujallar nan ka je ka sayi fom.